Yadda na shawo kan kukan kwikwiyona da dare

Alhamdulillahi, yau kwana uku ke nan muna barci. Kwikwiyo ɗan wata 2 na karɓo don gadin gida, ban taɓa kiwon kare ba. Dare huɗu yana kuka har asuba.

Na ɗauka yunwa ce, na ba shi madarar shanu, sai ga zawo. Na ɗaure shi bayan gida, kukan ya ƙaru.

Ashe kewar uwa ce da sanyi. Na koma inda na karɓo shi, na roƙi tsohon buhun da karyar ke kwana a kai, na shimfiɗa cikin kwali. Na zuba ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a gorar roba, na rufe bakin sosai, na naɗe da tsumma na ajiye gefensa. Kwalin kuwa na dawo da shi zaure, inda yake jin motsinmu. Na daina madara, na koma abincin da ya saba, sau huɗu a rana. Daren farko ya yi shiru.

Likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, allurar rigakafin haukan kare sai ya cika wata 3. Na gode wa mai karyar.