Baƙuwar na'ura a Wi-Fi ɗinka: kurakuran da aka fi yi wajen karanta jerin rauta

Ka buɗe shafin rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida, ka ga wani suna Espressif a cikin na'urorin da ke haɗe, gabanka ya faɗi, ka ce wani ya sato kalmar sirri. Sau da yawa ƙwan lantarkin nan ne da kake kunnawa da waya.

Babban kuskure shi ne ɗaukar abin da rauta ta rubuta a matsayin tabbas, alhali kintace take yi. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira MAC, mai alamomi 12, kuma shidan farko hukumar injiniyoyi ta IEEE ce ke raba su ga kamfanoni. Sai dai sunan da ke fitowa yakan zama na wanda ya ƙera guntun Wi-Fi na ciki, ba wanda ke jikin kwali ba. Shi ya sa kwamfutar HP kan bayyana da sunan Intel, ƙwan lantarki kuma da sunan Espressif. Sauran bayanin kuma daga bakin na'urar yake fitowa lokacin da take neman adireshin IP, wato lambar da rauta ke ba kowace na'urar da ta haɗu da ita. In ba ta faɗi sunanta ba, rauta ta bar gurbin babu komai. Ka shiga saitin kowace na'ura, ka gwada lambarta da ta jerin, sannan ka raɗa mata suna da kanka.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne lambar bogi. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ɓoye lambarsu ta asali, su ƙirƙiri wata don kada a riƙa bin sawunsu. Dubi alama ta biyu: in ka ga 2, 6, A ko E, ƙirƙirarriya ce, rauta ba za ta gane kamfanin ba. Iyaye sun fi shan wahalar wannan. An ƙayyade wa wayar yaro lokaci, ya sauya lambar a saiti, ta dawo a matsayin sabuwa. A kashe wannan ɓoyewar a Wi-Fi na gida kaɗai, a bar ta a waje, don tana da amfani sosai.

Talabijin mai kebul da Wi-Fi kan fito sau biyu, kowace hanya da lambarta.

Idan kuma ka gama tantancewa, akwai wadda ba taka ba, toshe lambarta ba zai wadatar ba, domin ana iya sauya ta cikin minti ɗaya. Canja kalmar sirri, ka zaɓi tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS (hanyar haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba), ka sake haɗa naka ɗaya bayan ɗaya.