Alƙalamin Tawada Mai Daraja da Ƙaramin Kuɗi: Inda Sabon Shiga Zai Zuba Kuɗinsa

Zinaren da ke bakin alƙalami ba shi ke taɓa takarda ba. Mai shirin sayen alƙalamin tawada mai tsada ya fara riƙe wannan kafin ya shiga duba sunayen kamfanoni. Ka sa gilashin ƙara girma a tsinin bakin, za ka ga wata 'yar ƙwaya kamar kan allura an liƙa ta a can ƙarshe. Ita ce ke gogar takarda. Da gaurayen ƙarafa masu tauri ƙwarai ake yin ta, masu sana'ar na ce mata iridiyam, kuma bakin zinare da na ƙarfe duk irinta ce a kansu. Santsin rubutu daga wurare uku yake fitowa: yadda aka wasa ƙwayar nan, daidaiton harsuna biyu na bakin, da yadda tawada ke gangarowa ta tsagar da ke tsakaninsu. Bakin ƙarfe da ya samu gyara mai kyau ya fi bakin zinaren da aka yi wa aikin gaggawa.

To, me zinaren ke ƙarawa? Tawada mai ƙarfi ba ta cin sa, kuma sau da yawa yana da ɗan taushi da hannu ke ji idan rubutu ya yi tsawo. Ko wannan taushin ma ba doka ba ne. Bakin zinaren Platinum #3776 Century a tsaye yake ƙyam, alhali bakin ƙarfen Pelikan M200 yana ɗan lanƙwasa. Zinare na gaske yana ɗauke da hatimi: 14K ko 585, ma'ana kashi 58.5 cikin 100 zinare ne. 18K ko 750. Sai 21K da kamfanin Sailor ya shahara da shi. Baki mai ruwan zinare mara hatimi ƙarfe ne da aka shafa wa launi. Kada ka ɗauka 21K ya fi 14K iya rubutu. Lambar yawan zinare take faɗa, ba ingancin aiki ba.

Fara da na araha tukuna

Wanda bai taɓa riƙe alƙalamin tawada ba, ya sayi Platinum Preppy ko Pilot Kakuno ko Lamy Safari, ya yi wata ɗaya ko biyu yana rubutu da shi kullum. Ba asarar kuɗi ba ce. A wannan lokacin ne zai gane kaurin layin da ya dace da rubutunsa, ko yana son jiki siriri ko mai kauri, ko yana sa murfi a bayan alƙalami yayin rubutu, sannan hannunsa ya daina danne baki irin yadda biro ya saba masa. Dannewar nan ita ke kashe bakin zinare: harsunan su buɗe su ƙi komawa, tawada ta yanke. Gara a koyi sakin hannu a kan ƙaramin abu.

Kaurin baki

Nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure, don haruffan da ke nuna kaurin baki, EF (siriri ƙwarai), F (siriri), M (matsakaici) da B (mai kauri), ba ma'auni ɗaya ba ne a ko'ina. Kamfanonin Japan uku, Sailor da aka kafa a 1911, Pilot a 1918 da Platinum a 1919, suna wasa bakunansu siriri saboda haruffansu masu yawan zane. F na Japan yakan yi daidai da EF na Jamus, M na Japan kuma kusa da F na Jamus. Pelikan ma ya fi sauran kauri da yawan zubar da tawada, musamman bakunansa na zinare; wanda ya sayi M na Pelikan yana zaton siririn layi zai sha mamaki.

Ka rubuta layi biyar da biro yadda ka saba, ka dubi cikin harafin "e" da "a". Idan ramukan ƙanana ne, baki mai kauri zai cike su da tawada. F na Japan ko EF na Jamus ne naka. Mai manyan haruffa ya ɗauki M. Sai batun takarda: idan mafi yawan rubutunka a kan takardar ofis ta yau da kullum ne, siririn baki ya fi, don tawadar da yake zubawa kaɗan ce, ba ta bazuwa ba ta huda baya. Amma kowane zaɓi da farashinsa: gwargwadon sirancin baki, gwargwadon yadda za ka ji takarda a ƙarƙashinsa. EF na Japan ba zai taɓa yin santsin M ba ko da nawa aka saye shi.

A alƙalami na farko mai tsada, ka bar bakuna na musamman, irin masu faɗi don ƙawata rubutu ko masu buɗewa idan an danna. Masu rubutu da hagu su ma siririn baki da tawada mai saurin bushewa sun fi musu, don gefen hannu kan bi ta kan abin da aka rubuta.

Jiki, nauyi da murfi

Nauyi ba inganci ba ne. Alƙalamin tagulla mai giram 40 yana burge hannu a minti biyar na farko, zuwa shafi na uku ya zama kaya. Yawancin waɗanda aka yi don doguwar rubutu tsakanin giram 14 da 25 suke. Wurin da yatsu ke kamawa ya fi tsawon jiki muhimmanci: kaurin milimita 9 zuwa 11 ya dace da yawancin hannuwa, kuma mariƙin ƙarfe mai sheƙi yana sulɓi idan hannu na gumi. Ka lura kuma ko zaren da murfi ke murɗawa a kai yana cizon yatsa.

Murfi kuwa mutane ba su cika kula da shi ba, alhali shi ke raba alƙalamin da ake amfani da shi da wanda aka jefa aljihun tebur. Murfin da iska ke shiga yana busar da baki cikin kwana kaɗan, sai ka ɗauko ka yi ta goga bai kama ba. Platinum ya sa wani ƙaramin murfi na ciki mai sifirin a #3776 Century wanda ke toshe bakin, kuma ga wanda ba kullum yake rubutu ba, wannan ya fi adon zinare amfani nesa ba kusa ba.

Yadda yake shan tawada

Hanyoyi biyu ne suka shafe ka. Ta farko katirij, wato bututun roba da ke zuwa cike da tawada, ko kuma a cire shi a sa mazuƙi, ƙaramin famfo da ke zuƙo tawada daga kwalba. Sauƙin wankewa ke nan, kuma idan mazuƙin ya lalace sai a sayi wani. Aibinsa ƙarancin ciki: na Platinum da na Sailor wajen rabin mililita suke ɗauka, CON-40 na Pilot bai ma kai haka ba, sai CON-70 da ke ɗaukar kusan mililita 1 amma yana da wuyar wankewa. Pilot, Platinum, Sailor, Lamy da Parker kowanne da nasa katirij, yawanci ba sa shiga na juna. Ka tambaya ko mazuƙi na cikin kwali, don ba kullum ake haɗawa da shi ba.

Ta biyu fistan da ke cikin jikin alƙalamin kansa, hanyar da Pelikan ya fito da ita a 1929. A tsoma baki a kwalba, a murɗa gindi, ya sha fiye da mililita 1. Ya dace da mai rubutu da yawa da launi ɗaya. Sai dai ba ya karɓar katirij, wankinsa na cin lokaci, kuma gyaransa sai wanda ya iya.

Waɗanda suka cancanci dubawa

Ga mai son bakin zinare da mafi ƙarancin kuɗi, hankali yakan koma Japan. Pilot Custom 74 yana da baki 14K mai santsi da ɗan taushi, ba nauyi, yana karɓar CON-70, kuma ba safai bakin Pilot ke zuwa da matsala daga kwali ba. In mutum ya rasa na zaɓa, wannan ne ya fi wuyar jawo nadama. Platinum #3776 Century, da aka raɗa wa tsawon dutsen Fuji a mitoci, bakinsa ya fi girma, a tsaye, yana ɗan jan takarda. Sailor 1911 ƙarami da Pro Gear Slim su ma 14K ne, da ji irin na fensir wanda wasu ke nema takanas wasu kuma ke ɗauka aibi ne. Ƙanana ne, mai babban hannu ya gwada kafin ya biya.

A Jamus akwai Lamy 2000, wanda tun 1966 siffarsa ba ta canja ba: fistan, baki 14K da ya ɓuya cikin mariƙi, jiki mai jure wahala. Amma yana son a riƙe shi daidai. Mai juya alƙalami a hannu zai ga layi na yankewa, kuma ɓoyayyen bakin bai barin ka ga ko ka karkace. Ban cika ba sabon shiga shawararsa ba sai ya gwada. Pelikan M200 bakin ƙarfe ne a kan fistan mai kyau, kuma bakinsa kwancewa yake kamar noti, na zinaren M400 yana hawa kansa. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen jikin bana, ya ƙara bakin zinare baɗi. Idan kuɗin bai kai ko ɗaya cikin waɗannan ba, TWSBI Eco na Taiwan yana ba da fistan da bakin ƙarfe mai kyau. Kada dai a matse shi da ƙarfi bayan an kwance, don robarsa na tsagewa.

Abin da ba a biya wa kuɗi a wannan mataki shi ne launi na ƙayyadadden fitowa. Baki ɗaya ne da na baƙin alƙalamin da aka saba, jiki ɗaya, launin kawai aka tsawwala.

Saye da gwaji

Kada kuɗin duka ya tafi a alƙalami. Ware wajen kashi ɗaya cikin biyar don tawada, takarda da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Ka sayi a wurin da ke karɓar kaya idan an dawo da su, ko ya canja baki. Kaya daga wata ƙasa kan zo da sauƙin farashi, amma a lissafa kuɗin aikowa da na kwastan, a kuma sani cewa garanti ba lallai ya bi shi ba. Na hannu hanya ce mai kyau idan mai sayarwa zai turo hoton bakin na kusa daga gaba da gefe, da samfurin rubutu, da hoton leɓen murfi inda tsagewa ke farawa. Jabun Montblanc da Lamy Safari sun yi yawa. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ne alamar farko.

Da ya iso, wanke shi kafin ya sha tawada: ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a kofin ruwa mai sanyi, a zuƙa a fitar sau da yawa, a ɗauraye da ruwa zalla, a jingine shi baki ƙasa a kan tishu ya kwana. Maiƙon masana'anta da ya rage a makwararin tawada shi ke jawo yankewar layi a sabon alƙalami. Idan Lamy ne ka ga shuɗi ya fito, ba tsoho aka ba ka ba, gwada su ake yi da tawada kafin su bar masana'anta. Ruwan zafi da sinadarin barasa kada su kusance shi.

Sai gwaji. Riƙe shi a karkace wajen digiri 45, nauyinsa kaɗai ya isa ya fitar da layi. Ja layi sama, ƙasa, dama, hagu, sannan ka rubuta lambar 8 a jere. Idan yana karta ta gefe ɗaya kawai, harshe ɗaya ya fi ɗaya tudu, gilashi zai nuna maka. Idan jan daidai yake ta kowane gefe, halin bakin ne, musamman Sailor da Platinum. Idan kuma santsi ya yi yawa amma zanen farko na kowace kalma ba ya fitowa, an goge ƙwayar fiye da kima har tsagar ta ɗaga daga takarda. Na farko da na uku dalilin mayarwa ne. Kada ka kai masa abin gogewa: ƙwayar da aka ci ba ta dawowa, garanti ma ya tafi.

Tawada da takarda

Tawadar da aka rubuta cewa ta alƙalamin tawada ce kaɗai za ta shiga. Ta zane da ta rubutun ado da ake tsoma baki a ciki suna da ƙaro ko danƙo, idan suka bushe a makwarari sun toshe shi, wani lokaci har abada. Fara da Waterman Serenity Blue ko Pilot Blue Black, masu sauƙin wankewa. Alƙalamin da ke zubar da tawada da yawa, ba shi Pelikan 4001 mai ƙarancin gudu; wanda ke rowa, ba shi Pilot Iroshizuku. Masu ƙyalƙyali da masu hana ruwa wankewa a bar su sai hannu ya goge. Tawadar kwalba ta fi katirij araha sosai, kuma katirij da ya ƙare ana iya sake cika shi da sirinji mara tsini.

Idan layi na yin gashi-gashi ko yana fitowa ta baya, gwada takardar Rhodia mai giram 80 (nauyin murabba'in mita ɗaya) ko Clairefontaine mai giram 90 kafin ka ɗora wa alƙalami laifi. Kaurin takarda ba shi ne ma'auni ba. Tomoe River giram 52 ce kawai, amma tana riƙe tawada fiye da takardu masu ninkin kaurinta.

A wanke alƙalami duk bayan mako huɗu zuwa shida, da duk lokacin da za a canja tawada, kuma wanda za a ajiye fiye da wata a juye shi a wanke. Idan fistan ya fara tauri, man silikon zalla ake shafa masa kaɗan, ban da basilin. Tawada idan ta yi ƙasa sosai, iskar da ke ciki na kumbura da ɗumin hannu ta turo ɗigo a kan takarda. A cika shi, matsalar ta wuce. Haka yake a jirgin sama: a shiga da shi cike taf ko babu komai, baki yana kallon sama.