Darasi na 9: Ɗinka Kayan Barka da Hannu

Idan aka yi haihuwa a unguwa, kwana bakwai ne tsakaninki da ranar suna. Wata za ta kai sabulu da omo, wata turmin atamfa, wata rigunan jariri 'yan kanti. Duk alheri ne. Amma ki koma gidan mai jego bayan sati uku, ki duba igiyar shanya. Rigar nan mai ado tana can ninke cikin akwati. Abin da ya cika igiya ƙyallaye ne, manya da ƙanana, waɗanda ake wankewa safe da yamma saboda tumbuɗi da fitsari. Su ne ba sa isar mai jego, kuma su za mu koyi ɗinkawa a wannan darasi. Ba sai kina da keke ba. Allura da zare sun wadatar.

Kayan aiki

Ki tanadi allura, zare, almakashi mai kaifi, alli, tef na awo, da 'yan fil na kafe ƙyalle. Idan babu alli, guntun sabulu da ya sirance yana zane a jikin yadi, kuma wanki ɗaya yake fita. Almakashin ɗinki kuwa ki ɓoye shi. Ranar da yara suka yanka kwali da shi, ya daina cin yadi, sai dai ya tauna.

Ɗauki tef ɗinki ki duba. Fuska biyu gare shi. Fuska ɗaya lambobinta manya ne, wannan shi ne inci, da shi yawancin telolin Najeriya suke awo. Ɗaya fuskar lambobinta ƙanana ne, shi ne santimita, wanda aka fi amfani da shi a Nijar. Inci 1 ya kai santimita 2 da rabi. Yadi 1 inci 36 ne. Turmin atamfa yadi 6 ne. Ki rubuta waɗannan a littafinki, za mu yi lissafi da su nan gaba.

Zaɓen yadi

A nan mafi yawan masu koyo suke kuskure, don ido yake zaɓar musu, ba hannu ba. Fatar jariri ba irin tamu ba ce. Yadin da ya yi sheƙi a kasuwa, idan na roba ne, ba ya shan ruwa kuma iska ba ta ratsa shi. A lokacin bazara sai ki ga wuyan yaro da hammatarsa sun feso da ƙurajen zafi. Auduga ake nema.

Mai sayar da yadi, ko a Kantin Kwari ne ko a kasuwar ƙauyenku, zai ce miki, "Hajiya, wannan auduga ce zalla." Kada ki yi musu da shi. Ki nemi ɗan yanki ki kawo gida. Ki zare silin zare biyu ko uku daga bakinsa, ki fita tsakar gida, ki kusantar da su ga ashana. Auduga tana ci da wuta ta zama toka mai laushi, warinta kamar na ƙonanniyar takarda. Yadin roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule, ya bar ɗan ƙullutu baƙi mai tauri kamar na leda.

Sabon yadi sai an wanke shi kafin almakashi ya taɓa shi. Dalili uku ne. Sabuwar atamfa tana da tauri da ke kartar fata. Auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, to gara ta tsuke kafin ɗinki. Sannan wata atamfar tana zuba. Ni wannan na koye shi ne da kunya. Na taɓa ɗinka wa ƙanwar maigidana ƙyallaye da wata jar atamfa ban wanke ba, don ina sauri. Aka jiƙa su a baho ɗaya da fararen kayan jaririn. Da na je washegarin suna, uwar mijina ta ɗaga wata 'yar riga da ta koma ruwan hoda, ta ce, "'Yar nan, ashe har rini kika iya?" Aka yi dariya, ni ko ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Kada kuma ki raina tsohon zani. Wanda ya sha wanki har ya yi laushi ya fi sabo daɗi a jikin jariri, muddin bai ruɓe ba. Ki ja shi da hannu biyu. Idan bai yage ba, zai yi.

Ɗinki iri biyu

Ki yanki zare kamar tsawon kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ki ƙara kaɗan. Zare mai tsawo sarƙewa yake yi. Ki zura a allura, ki ƙulla bakin.

Na farko shi ne allura ta nutse ta ɓullo, ta nutse ta ɓullo, tana tafiya gaba. Yana da sauri amma ba shi da ƙarfi sosai. Na biyu shi ne mai komawa baya: allura ta ɓullo, sai ki mayar da ita baya ki soka a daidai inda ɗinkin baya ya tsaya, ta sake ɓullowa a gaba. Ta fuskar sama sai ka rantse keke ne ya yi shi. Kayan jariri wanki suke sha, saboda haka wannan na biyun za mu riƙe. Ki gwada a tsumma har layi biyar kafin ki taɓa yadin kirki. Layin farko zai karkace kamar tafiyar maciji, kowa ma haka ya fara.

Aiki na farko: ƙyallen kafaɗa

Wannan shi ne wanda uwa take ɗorawa a kafaɗa idan ta saɓa yaro bayan ya sha nono, don ya tare tumbuɗi.

Ki shimfiɗa yadi 1 a kan tabarma. Tsawonsa inci 36, faɗin atamfa kuwa yakan kai inci 45 ko ya ɗan fi, ki auna naki ki gani. Ki zana gidaje masu tsawon inci 18 da faɗin inci 9. A tsawo za ki sami gida 2, a faɗi gida 5. Biyu sau biyar, falle 10 ke nan. Kowane ƙyalle falle 2 yake ci, kin ga yadi ɗaya ya ba ki ƙyalle 5. Idan kina da tsohon tawul mai tsabta, ki sa shi a madadin falle ɗaya, ya fi shan ruwa.

Ki haɗa falle biyu, fuska tana kallon fuska, bayan yadin yana waje. Ki kafe da fil. Ki bar rabin inci daga baki, ki ɗinke kewaye, amma ki bar ƙofa kamar faɗin yatsu huɗu a gefe ɗaya. Kafin ki juya, ki ɗan datse kusurwoyin nan huɗu da almakashi ba tare da kin taɓa zare ba, in ba haka ba za su yi tudu. Sai ki juya ta ƙofar nan kamar yadda ake juya rigar matashi. Ki tura kusurwa da gindin fensir. Ki kalmasa bakin ƙofar ciki, ki goge da dutsen guga, ki ɗinke. Duk bakin yadi ya shige ciki, babu abin da zai karci yaro.

Da kin gama, ki ƙirga fil ɗinki. Idan goma kika ɗauko, goma za ki mayar. Sannan ki shafa ƙyallen a kumatunki ko'ina. Abin da kumatu ya ji, jariri zai ji fiye da haka.

Aiki na biyu: hula daga tsohuwar riga

Yaron da aka haifa da hunturu yana bukatar hula. Atamfa ba ta yi a nan, don ba ta miƙewa. Ki nemi tsohuwar rigar auduga mai talewa, irin ta shan iska. Kewayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai inci 13 zuwa 14. Ki shimfiɗa rigar, ki auna inci 7 a faɗi da inci 7 a tsawo daga ƙasan rigar, ki yanka gaba da baya lokaci ɗaya. Kalmasar ƙasan rigar ita ce za ta zama bakin hula, kin huta da dajiya. Ki kifa ɗan ƙaramin kwano a sama ki zana, don kan hular ya yi zagaye. Ki ɗinke gefe da sama dab da baki, kada ki ja zaren da ƙarfi, don idan hular ta miƙe zare mai tsauri tsinkewa yake yi.

Ado fa? Na san hannu zai yi ƙaiƙayi. Kada ki sa maɓalli, kada ki sa duwatsu ko ƙyalƙyali. Yaro yana ɗan tasawa komai baki yake kaiwa, abin da ya ɓalle kuma zai iya shaƙe shi. Haka igiya a wuya, ba a yi wa jariri ita. Idan kina son ado, ki yi layin ɗinki da zare mai wani launi.

Aiki na uku: shimfiɗar haɗe-haɗe

Wannan ya fi sauran cin lokaci, ba na sati ɗaya ba ne, sai dai ki fara tun ciki yana wata bakwai. Amma kusan kyauta ne. Duk shagon tela, musamman gab da sallah, cike yake da guntayen atamfa da ake sharewa a zubar. Ki je ki ce, "Malam, don Allah a riƙa tara mini guntayen nan." Da wuya a hana ki.

Ki wanke su, ki ware masu zuba. Ki yanki kwali mai inci 6 ta kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ki riƙa ɗora shi a kan ƙyalle kina zanawa kina yankawa har ki sami guda 36. Ki baza su a tabarma, layi 6, kowane layi guda 6, ki yi ta sauya musu wuri har idonki ya gamsu. Mai duhu kusa da mai haske ya fi fitowa. Ki fara haɗa shida-shida su zama layi, sannan ki haɗa layukan. Tun da ɗinki yana cin rabin inci ta kowane gefe, kowane gida zai koma inci 5, shimfiɗar kuma ta tashi inci 30 ta kowane gefe. Ki sa mata tsohon zani mai laushi a baya, ki ɗinke ki juya kamar yadda kika yi wa ƙyallen kafaɗa.

Wannan ta kwantar da yaro ce a kai da rana, ko ta miƙa shi ga masu zuwa barka. Kada ki cusa mata auduga ta yi tudu, kada kuma ki haɗa da matashin kai. Jariri ba ya bukatar matashi, abu mai laushi da yawa yana iya toshe masa hanci yana barci.

Idan yadi ya yi saura mai tsawo, kamar yadi 2, ki ninka shi biyu a faɗi ki ɗinke da mai komawa baya, kin sami majanyi. Tun da goyo zai riƙe, ki bi ɗinkin sau biyu.

Aikin aji

1. Ki rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: allura, almakashi, kalmasa, tumbuɗi, majanyi.
2. Inci nawa ne a yadi 2?
3. Idan yadi 1 ya ba da ƙyallen kafaɗa 5, nawa za a samu a turmi guda?
4. Kin yanka guntaye 21 na shimfiɗa. Saura nawa su cika 36?
5. Ki gaya wa ta kusa da ke yadda ake gane auduga da ashana.

Ranar darasi na gaba kowa ta zo da ƙyallen kafaɗa ɗaya da ta ɗinka, ko da ya karkace, da kuma tsohuwar riga mai talewa wankakkiya. A aji za mu yanka hular tare.