Kurakuran da ake yi wajen gyaran tsofaffin gidajen Birni

Duk shekara idan damina ta wuce, sai a ga magada a Birni da Zango, tsofaffin unguwannin Damagaram (Zinder), sun tashi gyaran gidajen kakanninsu, kuma kuskure ɗaya suke ta maimaitawa, wato shafe katangar ƙasa da siminti. Gidajen nan na tubali ne da azara, irin ginin fadar Sarkin Damagaram da aka yi wajen 1850, zamanin Sarki Tanimu. Katangar ƙasa takan sha ruwa, idan rana ta fito ta bushe. Siminti kuwa tsagewa yake yi, ruwa ya bi tsagar ya rasa mafita, sai ƙasa ta ruɓe daga ciki alhali bangon yana nan sumul daga waje.

Haka muka rasa zauren gidanmu. Wani magini ya lallashi dattawa cewa siminti zai hutar da su yaɓen shekara-shekara. Da aka yi wata damina mai ƙarfi, sai shafen ya ɓallo gaba ɗaya, ya tafi da zanen saman ƙofa da zanko guda, kuma ba mu da ko hoton da za a duba a maido da shi. Har yau abin yana ci mini rai. Duk mai irin wannan bango ya je ya ƙwanƙwasa shi, zai ji yana amo kamar ganga. Ko a Tumbutu, inda ake gini da farin dutsen nan mai laushi da suke kira alhor, da ƙasa aka saba haɗa shi tun asali.

Ni a maimakon siminti, makuba nake sa a yi wa bango, ta ɓawon ɗorawa, a kan soro kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin majema da dafara. Masu wannan aiki sun yi ƙaranci, amma akwai su, a tambayi tsofaffin magina.

Sai indararo. Abin kunya ne mutum ya kashe kuɗi a fenti, ya bar indararonsa a toshe da leda. Kafin watan Yuni nakan hau soro da kaina in share, bayan ruwan farko kuma in sake hawa in ga inda ruwa ya kwanta.

Kada a musanya azarar giginya da katako, gara za ta cinye shi. Kada a rushe bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin soro, don a sa kwano, ɗakin ba zai zaunu ba a watan Afrilu. Shara da ruwan wanki kuma a nisanta su da gindin bango, domin daga can zaizaya take farawa.