Yadda ake kamun kifin tuna da ƙaramin jirgi a tekun Legas

Yawancin sababbin da na gani sun fita neman tuna, wani babban kifin teku mai ƙarfi da gudu, daga Legas sun dawo hannu rabbana, kifi ya same su. Ya zo ya kama ƙugiya, su da kansu suka tsinke shi cikin minti ɗaya na farko. Don haka wannan bayani na 'yan'uwanmu ne na Agege, Idi-Araba, Obalende da sauran unguwanni, masu haɗa kuɗi su ɗauki hayar jirgi ranar hutu. Ba zan tsaya koyar da ɗaurin ƙugiya ba, yaran jirgi za su nuna maka a bakin ruwa.

Lokacin fita

Ka sa ranarka tsakanin Nuwamba da farkon Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso yamma tana tayar da teku, ƙaramin jirgi ba shi da abin yi a waje, ko da an rage maka kuɗin haya. A Disamba da Janairu ruwa yakan kwanta, amma hazon hunturu yana iya ɓoye maka Legas gaba ɗaya, har dogayen benayen Eko Atlantic, saboda haka ba a fita babu GPS. Da bazara kuwa hadari yakan taso daga gabas cikin ɗan lokaci. In ka ga baƙi ya haɗu ta can, naɗe zare ka juya, kada ka tsaya shawara.

Jirgi da kaya

Ni ba na hawa jirgi mai inji ɗaya zuwa inda ake samun tuna, sai dai in akwai wani jirgin da za mu tafi tare. Gaɓar Legas ta fi ta yankin Neja Delta saurin zurfi, wannan ne ma ya sa ƙananan jirage ke iya kai wa ga kifin su dawo a yini guda, amma duk da haka za ka yi nisan da wayar salula ba ta aiki. Sai da rediyon VHF, kuma tasha ta 16 ita ce ta neman agaji. Ka bar wa wani a gida sunan wurin da kuka tashi da lokacin da ya kamata a ce kun dawo. Rigar kariya daga nutsewa dole ce, hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas ma ba ta yarda a hau ruwa babu ita, kuma a jiki ake sa ta, ba a ƙarƙashin kujera ba. Ka riƙe katin shaidarka, don sojojin ruwa suna sintiri kuma suna tsayarwa su yi tambaya.

Man jirgi kashi uku ake raba shi: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mai ya zama shi ne babban kuɗin fitar, kuma na san wasu matuƙa kan rage jarka ɗaya ko biyu don su ci riba. Ka ƙirga jarkunan da idonka kafin a kwance igiya.

Sanda uku sun ishi sababbi. Kowace da ril, wato na'urar naɗe zare, mai ɗaukar zare akalla mita 400, zaren kuma mai ƙarfin fam 50, wato wajen kilo 23. Kifin roba mai gashi-gashi da ake sa wa ƙugiya don yaudarar tuna, ƙanana da matsakaita, shuɗi da fari ko ruwan hoda. Kada ka zuba kuɗi a kan masu tsada tun yanzu, za ka yi asarar wasu. Kuɗin ka kai shi wajen ƙanƙara. Sai safar hannu, wuƙa mai kaifi, doguwar sanda mai babbar ƙugiya ta ɗauko kifi, bel ɗin da ake kafa gindin sanda a ciki, da ƙaramin sikelin rataye irin na masu awon kaya. Wannan sikelin zan dawo kansa. Maganin jiri ka sha tun kafin ka hau, in amai ya fara ya riga ya makara. Kar ka cika ciki da mai da yaji da asuba, shayi da burodi sun wadatar. Alwala da ruwan teku ta halatta, sallah kuma in tsayuwa ta gagara a zaune ake yi.

Fita daga mashiga

Ana tashi da sassafe. Hanyar ita ce Commodore Channel, mashigar da ta haɗa tashar jiragen ruwan Legas da teku, ka wuce Tarkwa Bay ta hannun dama, ka bi tsakanin dogayen katangun duwatsu biyu har ka fita fili. Manyan jiragen Apapa ba sa iya taka birki saboda kai, ka raɓa gefe. Bakin mashigar ya fi muni lokacin da ruwa ke janyewa ya yi karo da igiyar da ke shigowa, ka tambayi matuƙi lokacin cika da janyewa na ranar. In bai sani ba, ka nemi wani matuƙin. Bayan nan sai jiragen da suka yada anga suna jiran layi, a wuce su da tazara, haka duk wata na'urar mai da ka gani a teku.

Neman kifin

Ba a sakin zare a ruwa mai launin ƙasa ko kore. Ci gaba da tafiya har ruwan ya koma shuɗi tas. Inda launuka biyun suka haɗu akwai layi da ake gani ƙarara, tarkace da kainuwar da ta fito daga lagun sukan taru a kansa, ƙananan kifaye suna fakewa ƙarƙashinsu, tuna kuma yana bin su. Gungumen icce da ke yawo shi kaɗai a tsakiyar teku ya cancanci a zagaya shi sau biyu ko uku. Tsuntsaye masu shawagi sama kawai suna nema ne kamar kai, waɗanda ke faɗawa ruwa suna tashi su ne suka samu. Garken dolfin ma alama ce, domin tuna mai rawayan fiffike yakan bi su.

Gudun jan zare tsakanin kilomita 11 da 15 ne a awa. A saki zarurrukan da tsawo daban-daban, ɗaya kusa da kumfar inji, ɗaya tsakiya, ɗaya can baya, don kada su sarƙe in an yi kwana. In kun ga ruwa yana tafasa da kifi, kada matuƙi ya kutsa tsakiyarsu, nutsewa za su yi. Ya zagaya ta gefe ya sha gabansu, kifin robar ne zai ratsa su.

Birki

Nan ne ake faɗuwa. Ril yana da birki wanda ke barin zare ya fita in jan ya kai wani nauyi. Tun kuna bakin ruwa za a saita shi, da sikeli, ba da jan hannu ba. Ka zura zare ta zobban sanda, ka ɗaura bakinsa a sikeli, wani ya riƙe sandar a ɗage, kai kuma ka ja har zaren ya fara fita. Abin da sikeli zai nuna ya zama tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. A zare mai kilo 23, kilo 6 zuwa 7 ke nan. Sabo in ya taɓa zai ce ya yi sako-sako. Haka ake so.

Da tuna ya kama, ril zai yi ƙara, zare ya riƙa zuba kamar ba zai tsaya ba. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya ƙara matse birki. Na ga wani Alhaji mai harkar canji, mutum natsattse a kasuwa, ya ga zare ya kusa rabi, ya kai babban yatsa ya danna birkin har ƙarshe. Yaron jirgi yana cewa "Alhaji, don Allah a bar shi ya gudu," bai rufe baki ba sai ji muka yi tas, sanda ta miƙe, zare yana lilo a iska. Alhaji ya juyo yana cewa an sayo zaren banza. Zaren lafiyarsa ƙalau.

Ga dalilin. Yayin da zare ke ƙarewa a kan ril, naɗin yana ƙanƙancewa, kuma ƙaramin naɗi ya fi wuyar juyawa. Birkin da ka saita a kilo 7 yana iya kusan ninkawa da kansa in kaurin naɗin ya ragu da rabi, ba tare da ka taɓa komai ba. Ga kuma nauyin ruwa da ke jan dogon zaren da ke ciki. Wato a daidai lokacin da kake jin ya kamata ka matse, zaren ya riga ya kusa iyakarsa. In ma za a taɓa birki a wannan gudun, sassautawa ake yi kaɗan. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar bijimi a abbatuwar Agege ya san ba a tsayar da shi a fizgar farko, sai a bi shi har ya sauke numfashi.

Matuƙi kuma kada ya kashe inji da jin ƙarar ril. Ya ci gaba na 'yan daƙiƙu don ƙugiya ta zauna, sau da yawa ma sanda ta biyu takan kama a wannan tsakanin, domin a garke suke tafiya. Sannan ya rage gudu, sauran mutane su naɗe zarurrukan da ba su kama ba, su kawar da sandunan. Mai kifi ya kafa gindin sanda a bel, ya jira gudun ya tsaya. In zare ya yi ƙasa sosai, jirgi ne zai bi kifin a hankali kai kana naɗewa.

Da ya tsaya sai aiki. Ka ɗaga sanda a hankali ba tare da naɗi ba, ka sauke ta kana naɗewa. Ɗagawa gajera, kada sanda ta miƙe tsaye sama, nan take karyewa. Kada zare ya yi sanyi ko na ƙiftawar ido. Ƙananan tuna masu ratsi a ciki, na kilo biyu zuwa biyar, minti kaɗan ne. Mai rawayan fiffike yana iya haura kilo 100, ko da yake wanda ƙananan jirage suka fi samu bai kai haka ba, kuma shi ɗabi'arsa in ya gaji ya nutse ƙarƙashin jirgi ya riƙa kewayawa a kan gefensa. Kowane zagaye, lokacin da ya juyo wajenka ka ci zare, lokacin da ya ba da baya ka riƙe kawai. In ka huta shi ma hutawa yake. Bayanka in ya gaza, miƙa wa wani sandar, babu abin kunya. Matuƙi ya kula kada zare ya taɓa farfelar inji.

In kifin ya iso gefe, mutum ɗaya mai safar hannu ya kama zaren gaba, wato na kusa da ƙugiya, kuma kada ya kuskura ya naɗa shi a hannu ko yatsa. Wani ya sa babbar ƙugiya a kai ko kafaɗa, ja ɗaya zuwa cikin jirgi. A rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma, a buge shi a ka.

Jini da ƙanƙara

Tuna ba tarwaɗa ba ne da za a bari a daro har yamma. Jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, bayan kokawa ma ya ƙara zafi. Ka yanka kaɗan bayan fiffiken gefe ta kowane ɓangare, jini ya zuba, ka cire kayan ciki da jajayen cikin kunnuwa, ka wanke da ruwan teku, ka cusa ƙanƙara a cikin, ka nutsar da shi a kula, wato akwatin sanyi, mai ƙanƙara kashi biyu, ruwan teku kashi ɗaya. Wanda aka bari a rana yana tara wata guba mai sa ƙaiƙayi, jan fuska, ciwon kai da gudawa, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Kifin da kularku ba za ta ɗauka ba, kada ku kama shi.

Ku juya da azahar komai daɗin kamun, a shiga mashiga da sauran rana. A gida a wanke ril da sanduna da ruwan famfo, a sassauta birki gaba ɗaya kafin a ajiye, in ba haka ba fita ta gaba zai riƙa fizga.