Kurakuran masu haɗa kwal da tarkacen katako a tukunyar tururi ta masana'anta

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa katako duk itace ne. Mai masana'anta ya aika a kwaso masa tarkace daga 'yan katako a Sabon Gari da arha, a zube shi kusa da kwal, mai hura wuta ya yi ta turawa bai duba ba. A ciki kuwa akwai tsohuwar ƙofa mai fenti, da guntayen filawud, da katakon da aka jiƙa da maganin gara. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Katakon da ya yi kore-kore sau da yawa maganinsa na da asenik, gubar da wuta ba ta kashewa, sai dai ta raba ta tsakanin hayaƙi da toka. Gyaran na hannu ne: a tsince kafin a kai bakin wuta, duk mai fenti ko gam ko leda a jikinsa a ware shi. Leda mai sinadarin kulorin, irin ta bututun ruwa da bawon waya, ita ke haifar da dayoksin, wanda ke jawo ciwon daji.

Sai ɗanyen katako. Yana kashe zafin wuta, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, kwal ɗin ma ya ƙi cinyewa. A shanya shi har ya bushe, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, a bar iska ta shiga. Injinan ƙona shara na Turai sai sun kai digiri 850, abin da tukunyar da aka cusa wa jiƙaƙƙen itace ba ta ko kusanta.

Wasu kuma sukan jira dare su ƙona mummunan, wai kada a gani. A hunturun Zariya wannan ya fi muni: sanyi na danne hayaƙin ƙasa, da asuba ka tarar ya kwanta kan gidaje, masu asma na ta tari a sahun sallah. Kwal ma da nasa, farar wutar cikinsa ce ke ƙona maƙogwaro.

Toka ce ta fi tayar mini da hankali. Na taɓa ganin yara da robobi suna ɗiba a bayan wata masana'anta, wai za a kai gida a tace ruwan toka na miya, sauran a watsa a lambu. Irin wannan tokar a rufe ta inda ruwan sama ba ya wanke ta, a nemi jami'an NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, su faɗi inda za a kai ta.