Kurakuran da ake yi wajen gane shekarun tsofaffin lensin Soviet

Jama'a tunda yanzu masu ɗaukar hoto da bidiyo sun koma sayen tsofaffin lensin Tarayyar Soviet irinsu Helios-44 da Jupiter-8 da Industar suna ɗaura su a kyamarar dijital da adafta, kullum maganar ɗaya ce, wannan na wace shekara ne? Kuma amsar da kowa ke bayarwa ita ce duba lambobi biyu na farkon siriyal, in ka ga 78 to 1978 ne. Ba ƙarya ba ne, amma wallahi nan ne mutane suka fi faɗawa rami, don wannan ƙa'idar ba kowace masana'anta ta bi ta ba, kuma ba a kowane lokaci ba.

Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne tambarin masana'anta da ke zoben gaba, ba lamba ba. Helios-44 kaɗai wurare uku suka ƙera shi, KMZ a Krasnogorsk kusa da Mosko, da MMZ a Minsk wadda daga baya ta koma BelOMO, da kuma masana'antar Valdai. Jupiter-9 akwai na KMZ akwai na masana'antar LZOS akwai na masana'antar Arsenal a Kiev. Tambarin KMZ wani gilashi ne mai kusurwa huɗu da kibiya ta ratsa shi, na Valdai kuwa kamar tsire yake a tsinke. A yawancin na KMZ da LZOS da Valdai da Arsenal lambobin farko shekara ce. Amma ka ɗauko tsohon lensin masana'antar FED ta Kharkiv, misali Industar-26M, lambarsa lissafin ƙera ne kawai, in ka karanta ta a matsayin shekara za ka iya fito da shekarar da ba a ma fara yin lensin ba.

Sai masu farawa da 0 ko 00. Wani zai ce ai na 2000 ne, mai sayarwa kuma ya ce a'a na musamman ne da aka yi wa manyan jam'iyyar kwaminis, ya ninka kuɗi. In dai tsohon lensi ne, na 2000 ba shi ba ne sam, labarin manyan kuwa ni ba zan ƙara ko sisi a kansa ba, lensin za ka gwada ba labari ba. Irin waɗannan sai dai a kimanta zamaninsu ta jiki.

To jikin ma ana kuskure a kansa. Gaskiya ne farare na alminiyom sun riga baƙaƙe, kuma jan harafin П, wanda ke nuna an shafe gilashin da sinadarin rage ƙyalli, an fi ganinsa a na shekarun 1950 zuwa farkon 1960, MC kuma, wato alamar shafe mai hawa-hawa, ya zo can baya. Helios-44 na farko-farko ganyen ƙarfensa na buɗe haske 13 ne, daga baya aka koma 8, samfurin Helios-44M-4 kuma 6. Duk wannan zamani yake ba ka, ba shekara ba, kuma fenti ana sake shi. Rubutun ma haka, wasu suna ganin in an rubuta Helios da haruffan boko sabo ne, in da haruffan Rasha tsoho ne, alhali bambancin yawanci na kasuwa ne, na boko na fitarwa waje ne. Abin da rubutu zai taimaka maka da shi shi ne in ka ga Made in Russia, to bayan rushewar Soviet ne a ƙarshen 1991. In kuma akwai tambarin inganci na ƙasa mai kusurwa biyar a kwali ko a jiki, ba zai gaza 1967 ba don a shekarar aka ƙirƙiro shi.

Wani kuskuren da yake ba ni haushi sosai shi ne ɗauka cewa lambar samfuri jerin haihuwa ce, wai 44-2 dole ya girmi 44M. Ina! An ci gaba da ƙera 44-2 a Valdai har farkon shekarun 1990, lokacin 44M ya daɗe a kasuwa tun shekarun 1970, so kana iya riƙe 44-2 da ya fi wani 44M ƙuruciya nesa ba kusa ba. Haka Helios-40-2, KMZ ta dawo da ƙera shi a wannan ƙarnin, kar a sayar maka da sabo da sunan na Soviet.

Kar kuma ka auna shekarar lensi da ta kyamarar da ya zo a kanta, abu ne na murɗawa, an canza shi sau nawa. Su Jupiter ma ɓangaren gilashi yana kwancewa daga ɓangaren saita fokos, masu gyara suna haɗa na wannan da na wancan, siriyal ɗin yana kan na gilashin, saboda haka gaba na iya cewa 1956 gindi kuma na wani zamani ne daban. In mai sayarwa yana da takardar fasfo ɗin lensin mai kwanan wata da hatimin OTK, wato sashen duba inganci na masana'anta, ka nemi hotonta, ka tabbatar lambar da ke takardar ita ce a kan zoben.